Adireshin da Ba Ya Faɗin Suna

Da likita ya ce sai an yi wa Baba aiki a ido, Auta aka bar wa buɗe asusun gudummawa na kirifto, wato kuɗin intanet, don 'yan'uwa da yawa suna nesa. Yayanta, wanda aikinsa ke nan rubuta manhajar waya, ya zaunar da ita a teburin kicin.

"Zaɓi biyu ne, sarkin karatu. Ko adireshi ɗaya, kuɗi su bayyana nan take, amma duk wanda ya leƙa zai ga abin da ya shiga da inda ya fito. Ko kuma mai ɓuya: kowane aike ya faɗa sabon adireshi, waya ta daɗe tana lalube, ta sha caji. Ba mai ganin komai."

"Har mu?"

"Mu za mu ga kuɗin. Wanda ya aiko ne ba za mu sani ba."

Auta ta tuna maƙwabciyarsu mai baki, ta danna mai ɓuya. Har ta ji daɗin kanta.

An yi aikin lafiya. Mama ta bi duk wanda ya ce ya aiko da godiya, ɗaya bayan ɗaya. Inna kaɗai ba ta kira ba, yayarta ciki ɗaya, wadda suka daina magana tun wani faɗa a kan gyaran kabarin mahaifiyarsu.

"Ko sannu ba ta ce ba," in ji Mama, tana goge tukunyar da ta riga ta bushe.

Rannan Auta ta haɗu da 'yar Inna a tashar mota.

"Ku dai kun iya," in ji 'yar Inna. "Uwata ce farkon aikawa. Ni na danna mata. Ta ce kada na faɗa, wai ƙanwarta za ta ga suna ta gane. Kullum wayar tana cinyarta, tana jiran kira."

Auta ta bar tashar. Ta dawo gida ta buɗe littafi, ta kasa wuce layi ɗaya. Ta sami Yaya ta roƙe shi ya tono sunan.

"Ba ya tonuwa. Abin da kika zaɓa ke nan, kuma yana aikinsa daidai."

Mama tana ɗaki tana ɗiga wa Baba magani. Auta ta tsaya a bakin ƙofa.

"Mama, Inna ta aiko. Tun ranar farko. Ni na sa abin da ya ɓoye sunanta."

Mama ba ta juyo ba sai da ta rufe kwalbar.

"Tun ranar farko?"

"E."

"Ita kuma bakinta ciwo yake?"

Ta miƙo hannu. Auta ta ɗauka mari ne, ta runtse ido.

"Wayar, ke! Nemo min lambar mai taurin kan nan."