Wanda Zai Fara Jefa Iri a Gidan Ogutu

Jaduong Ogutu, wato dattijo Ogutu, ba ya son aikin da surukarsa take yi, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Matar ƙaramin ɗansa Otiende ce, wanda yake koyarwa a wata makaranta a Kisumu. Sunanta Aoko, amma shi Nyar Seme yake ce mata, da sunan garin da aka auro ta.

Aikin nata rubutu ne. Tana da shafi a intanet, tana rubuta yadda take tafiyar da gidanta: wa zai kai yara makaranta, wace rana ake wanki, yadda kifi ɗaya zai ishi baki biyar. Mata dubbai suna karantawa. Kamfani ya aiko mata da sabulu ko garin kunu, ta gwada, ta rubuta abin da ta gani, a biya ta. Da wannan kuɗin aka sauke ciyawar ɗakin Min Owuor, matar tsohon, aka ɗora kwano. Ogutu yana fakewa a ƙarƙashin kwanon idan ana ruwa, amma hakan bai hana shi faɗa wa duk wanda ya zauna kusa da shi ba cewa mace ta buɗe tukunyarta duniya tana leƙawa ba sana'a ba ce.

Abin da ya dame shi a shekarar dai ba rubutu ba ne. Shuka ce.

A gidan Ogutu, kamar gidan ubansa, mai gida ne yake fara jefa iri. Bayansa babban ɗa, a tasa gonar, da hannunsa. Sai ƙarami. Ba a tsallake kowa. To babban ɗan, Owuor, yana Mombasa, yana tuƙa injin ɗaga kaya a bakin teku, kuma hutu ba a hannunsa yake ba. Bara sai da ruwa ya yi mako uku yana zuba kafin ya iso. Gonar Otiende ta zauna tana jira, ciyawa ta riga masara fitowa, abin da aka girbe bai kai Kirsimeti ba. Mutanen gari suka yi ta magana. Wasu suka ce tsohon ya kasa tara 'ya'yansa, wasu suka ce ya kamata ya bar wannan tsarin. Ogutu ya rantse bana sai an yi shuka a kan lokaci, kuma bi da bi. Yadda za a yi ne bai sani ba.

Ana haka wani kamfani a Nairobi ya ɗauki Aoko ta yi masa talla. Sun yi wata manhaja ta waya, kalanda ce ta iyali: kowa ya sa ranakun da yake da sarari, ita kuma ta fitar da ranar da ta dace. Aka yi da ita za ta sa danginta duka a ciki, ta tsara shukar bana da ita, kamfani ya aiko mai hoto ranar da mijinta zai shuka, ta rubuta labarin kafin Lahadi. Idan ya yi kyau za su riƙe ta shekara guda. Ba ta taɓa samun aiki mai girman wannan ba.

Ta sa kowa. Owuor ya sa hutunsa, ƙarshen Maris. Otiende ya sa Asabar ɗin tsakiyar wata. Manhaja ta duba, ta jera: Otiende Asabar, Owuor bayan mako biyu, Baba duk ranar da ya ga dama. Aoko ta ga jerin ta tsaya. Ta san tsarin gidan. Ta yi niyyar ta je ta tambaya, sai ta ga alama kusa da sunan tsohon: ya amince. Ta ce wa mijinta ashe Baba ya sassauta bayan abin da ya faru bara. Otiende ya yi murna, ya sayi iri.

Ga yadda aka yi alamar ta fito. 'Ya'yan sun saya wa Ogutu babbar waya shekara biyu da suka wuce. Abu biyu ya sani a cikinta: rediyo, da kuma idan ta yi kuka a danna kore. Ran nan yana ɗaure saniya ta yi kuka a aljihu. Ya ciro, ya ga kore, ya danna, ya kara a kunne ya ce wane ne. Shiru. Ya zage ta ya mayar.

Ruwan farko ya sauka ran Laraba. Ran Juma'a da hantsi Otiende da Aoko da yara biyu suka iso, da buhun iri a bayan babur, yaran sanye da riguna masu tambarin kamfani. Ogutu yana ƙarƙashin mangwaro yana gyara ƙotar fartanya. Bayan gaisuwa Otiende ya ce gobe da sassafe za su shiga gona, mai hoto ma yana hanya.

Tsohon bai ɗago ba.

"Gonar wa?"

"Tawa, Baba."

"Owuor ya mutu ne ba a gaya mini ba?"

Otiende ya ce ai Baba ne ya amince. Ya ciro waya, ya matso da ita, ya nuna sunan da alamar da ranar da aka danna. Ogutu ya dubi koren abin, ya gane shi. Ya tuna saniyar. Fuskarsa ba ta motsa ba. Maƙwabta biyu sun riga sun tsaya a bakin shinge suna sauraro, ga Min Owuor ta fito da tire a hannu. Idan ya ce shi ya danna bai sani ba, gobe a kasuwa za a ce Ogutu ya sayar da tsarin gidan ubansa da babban yatsa. Idan ya ce bai danna ba, ya yi ƙarya a gaban jikokinsa. Bai taɓa yi ba.

Min Owuor ta ajiye tiren ta ce, "Kai da wannan wayar! Shekara biyu kuna tare kamar kare da kyanwa, yau kuma har kun yi shawara ba da ni ba?"

Maƙwabtan suka yi dariya. Aoko ba ta yi ba. Tana tsaye nesa kaɗan, kamar yadda suruka take tsayawa, tana kallon yatsan tsohon a kan ƙotar. Ta matso taku biyu ta durƙusa.

"Baba, laifina ne. Maganar shuka ba a aiko wa babba ita ta waya. Da ƙafata ya kamata in zo in tambaya, ban zo ba. A bar maganar alamar nan. Gobe ba za mu jefa ko ƙwaya ɗaya ba."

Otiende ya ja ta gefe. Ogutu yana jin su. Mijin yana cewa mai hoto fa, aikin shekara guda fa, ko a haƙa ramuka biyar kawai a gefen gona a ɗauki hoto, wa zai sani. Ta ce iri idan ya shiga ƙasa ya shiga, ko rami ɗaya ne. Ya ce to su jira Owuor mako biyu su sake cin ciyawa irin bara? Ta ce ba ta ce haka ba. Ta ce ya ba ta kujera da inuwa.

Ta zauna a bayan rumbu da waya da littafi. Ogutu ya ga kamar fartanyarsa tana bukatar gyara a can wajen, ya ja kujerarsa ya matsa.

Kamfani ta fara kira. Yarinyar da ta ɗauka tana magana da sauri, muryarta tana fitowa har waje. Ta ce an riga an biya mai hoto, ta ce su yaran da rigunan suke so, ba tsarin tsofaffi ba. Aoko ta ba ta haƙuri sau biyu. A na uku ta ce gonar ba tata ba ce balle ta ba da aronta, ta yi godiya, ta kashe.

Sai ta kira Owuor. Ya ce hutu ya riga ya fita, ba mai canza shi. Ta tambaye shi su nawa ne a kan injin. Ya ce huɗu. Ta sa ya faɗo sunayensu ɗaya ɗaya, da wanda yake neman wace rana. A ciki akwai wani Hamisi da ya daɗe yana neman wanda zai riƙe masa aiki ranakun Salla. Ta ce to ga shi nan. Owuor ya yi dariya har tsohon ya ji.

"Nyar Seme, ke da za a ba ki tashar nan, da jiragen ruwa sun riƙa shigowa a layi kamar 'yan makaranta."

"Yaya, bar zolaya ka kira Hamisi. Minti goma na ba ka."

Hamisi ya yarda. Ta nema wa Owuor kujera a jirgin ƙasa na Lahadi zuwa Nairobi, da motar da za ta kawo shi Litinin. Matarsa ta ce yaransu fa, wa zai kai su makaranta. Aoko ta tuna wata mai karanta shafinta da take unguwarsu, yaranta ma makarantar suke, ta haɗa su. Ta dawo kan mijinta: ta kira wani malami abokinsa, ya karɓi darasinsa na Litinin, shi kuma Otiende zai riƙe masa na Juma'a. Nasu yaran ta kira ƙanwarta ta zo ta koma da su Kisumu ran Lahadi. Kowane abu ya tsaya sai ta rubuta shi a littafi, sannan ta sa a kalandar da hannunta, ba ta bar manhajar ta zaɓa ba. Shayin da aka kawo mata ya huce, ƙuda ya faɗa ciki. Rana ta karkata kafin ta miƙe.

Ogutu ya yi noma shekara sittin. Ya san aiki idan ya gan shi, ko da ba gumi.

Ta zo ta durƙusa ta karanta masa: Baba gobe Asabar, in ya yarda. Owuor Litinin da rana. Otiende Talata da asuba, ya kama motar Kisumu. Ta tsaya tana jira. Ya bar ta ta jira kaɗan, sannan ya ce ya yarda.

Haka aka yi. Asabar Ogutu ya jefa iri, Min Owuor tana binsa tana rufewa da ƙafa tana yi masa tsiya cewa layinsa ya karkace. Litinin Owuor ya sauka daga babur, ko wanka bai yi ba ya shiga gona da takalmin aiki. Talata Otiende ya shuka tasa, ya bar matarsa da 'yan aiki su ƙarasa. Ran Laraba aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Tsohon ya tsaya a ƙofa yana kallon gonaki ukun suna sha tare.

Lahadin kamfani ta riga ta wuce. Aoko ta yi rubutun duk da haka, ba hoton riguna. Da ta zo sallama ran Alhamis, Ogutu ya tsayar da ita. Ya ce ya ji an ce ta sa gidansa a duniya, yana so ya ji da kunnensa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta karanta masa, tana juyawa zuwa harshensu. Ta rubuta cewa kalandar tana da amfani, ta tara mata mutum bakwai a garuruwa uku wuri guda. Ta rubuta cewa amma ba ta san babba da ƙarami ba, duk wanda gidansu yake da tsari ya jera da kansa. Ta rubuta cewa ita ta yi kuskure, ta aika wa surukinta tambaya ta waya. Ta gama. Ba maganar kore a ciki.

Ya tambaye ta me kamfanin ya ce. Ta ce sun ce ba irin rubutun da suke so ba ne, sun nemi wata. Ya tambaya ko aikin shekarar ya tafi ke nan. Ta ce ya tafi. Ta ce mata da yawa sun rubuto, daga Busia har Migori, kowa da labarin nata surukin, amma wannan ba ya sayen gishiri. Sabulu dai yana nan, za ta koma kansa.

Ogutu ya dubi ƙasa, ya ce:

"Ni na danna. Na ɗauka kira ne."

"Na sani, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun da na ga yadda ka kalli wayar."

Ya gyaɗa kai. Ya kira Min Owuor ya ce a kamo jan zakaran nan a ɗaure wa Nyar Seme. Matar ta ce wanda ya hana a yanka wa fasto? Ya ce shi ɗin. Sannan ya laluba aljihu, ya ciro wayar, ya miƙa wa surukarsa da hannu biyu.

Ya ce sabuwar masara ma bi da bi ake cinta, shi ne farko, kuma ba ya son Owuor ya sa su jira har ta bushe. Ya ce ta fara nemansa tun yanzu. Ta sa ranar a ciki, ta sa sunansa a sama. Idan abin ya yi kuka kuma, ba zai taɓa shi ba sai ta kira ta gaya masa ko mene ne.

Aoko ta karɓa, ta zauna a kan dutsen bakin ƙofa, ta tambaye shi wane wata yake ganin masarar za ta nuna.