Indararon Gidanmu

Shekara biyu Baba da ƙaninsa Baffa Gambo ba sa ga maciji da juna, a kan indararo ɗaya tak. Gidanmu na gado ne a unguwar Soron Ɗinki, an raba shi biyu, kuma ruwan rufin Baba yana zuba ne a gindin katangar Baffa. Zaure ɗaya suke bi, masallaci ɗaya suke sallah, amma ko sallama babu. Baba ya haura tamanin, ga ciwon ƙafa, ni kuwa tsorona kada ɗaya ya rasu suna cikin wannan gaba.

Abin haushin, ni ce Dakta Shamsiyya mai koya wa ɗaliban digiri na biyu shugabanci da sanin zuciyar mutane. Kullum ina gaban allo ina surutu a kan sulhu, gidan ubana yana ci da wuta. Sai na yanke shawarar kawo ɗalibai uku su gwada abin da suka koya. Wata guda ina lallaɓa tsofaffin nan kafin suka yarda su zauna kan tabarma ɗaya, shi ma don kunyar baƙi.

Muttaka na sa ya jagoranci zaman, ɗalibina mafi maki, mutum mai mata da 'ya'ya uku. Bayan la'asar muka zauna a zaure. Gaisuwa ta tafi daidai. Baba ya fara bayani yana kallon bango. Sai Muttaka ya gyara zama, ya dube shi ido cikin ido.

"Alhaji, na lura kana cikin fushi, kuma kana jin ƙaninka ya raina ka. Haka ne?"

Dattijo ɗan tamanin, a gaban ƙaninsa, a gaban 'yarsa, wani ya buɗe masa zuciya kamar buhun gero a kasuwa! Baba ya jawo sandarsa, ya fara laluben takalmi.

Wahalar wata guda ta tafi a banza. Ban san sanda na miƙe ba.

"Muttaka, kai wane irin mutum ne? A gidanku haka ake yi wa manya magana? Wa ya tambaye ka abin da ka lura? Da gemunka da komai, ba ka san abin da ake faɗa da wanda ake haɗiyewa ba?"

"Dakta, ai a lakca ke kika ce a ambaci abin da mutum yake ji..."

"Rufe min baki!"

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ƙara hasala. Ni na rubuta musu shi a allo, na kwaso daga littafin da marubucinsa bai taɓa durƙusa wa kowa ba. Na ci gaba da zazzaga masa masifa har mata suka leƙo daga cikin gida. Muttaka ya sunkuyar da kai, sauran biyun suna kallon ƙasa.

Sai na ji muryar Baffa Gambo.

"Yaya, kana ji? A zauren mahaifinmu ake ci wa baƙo mutunci?"

Yaya. Shekara biyu ban ji kalmar nan a bakinsa ba.

Baba ya saki takalmin. "Ina ji, Gambo. Bokon ke nan. Shi yaron kuskure ya yi, ita kuwa da saninta."

"Tun tana ƙarama haka take, ai ka tuna."

"Na tuna mana. Zuciyar Inna mahaifiyarmu ce ta ɗauko."

Suka haɗu a kaina, wannan ya ajiye wancan ya ɗauka, har da labarin ranar da na fasa tulu don an hana ni zuwa kasuwar Kurmi. Ɗalibaina na zaune suna ji. Baffa ya ba Muttaka haƙuri, Baba ya sa aka kawo masa fura. Maganar indararo ko tashi ba ta yi ba, amma da aka kira magariba Baffa ne ya miƙa wa Baba sandarsa.

A bakin ƙofa Baba ya juyo. "Shamsiyya, ba ki ba baƙonmu haƙuri ba."

Raina na tafasa, idona cike da hawaye, na juya wajen ɗalibina na rusuna.

"Malam Muttaka, ka yafe ni."