Yatsun da Siminti Ya Cinye

Shekara huɗu Tek Bahadur ya yi a Katar bai leƙo gida ba, yana tara hutu. Abokan aikinsa sun yi masa tsiya har suka gaji. Wai mutum ya ƙi zuwa ganin matarsa, amma zai je ganin akwatin zaɓe.

Yana da dalilinsa. 'Yarsa Parbati ce ta tsaya takarar kansila, shi kuwa ya kai shekara arba'in da bakwai bai taɓa jefa ƙuri'a ba. Duk zaɓen da aka yi yana can yana kwaɓa siminti, dokar kuma ba ta san wanda yake waje ba. Sai ka zo da ƙafarka a yi maka rajista, ka sake zuwa da ƙafarka ka jefa.

Ya sauka garinsu, Gulmi, saura kwana shida a rufe rajista. Ma'aikacin rajistar ya ɗauki hotonsa, ya ɗora masa babban yatsa a kan na'ura. Shiru. Aka gwada goman duka, ba wanda ta karɓa. Ma'aikacin ya juya hannun yana dubawa, sumul kamar bayan cokali.

"Yaya, aikin gini kake yi? Ku 'yan Katar duk haka kuke dawo mana. Je ka shafa mai, ka dawo."

Da ya koma gida ya ja matarsa Dilmaya gefe. "Kada yarinyar nan ta ji. Abin da ke kanta ya ishe ta."

Kwana biyar Dilmaya tana murza masa man girki safe da yamma, ta hana shi ko ɗaukar lauje. "Zauna, Baban Parbati, ka zama amarya," in ji ta. Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Ranar ƙarshe na'urar ta sake ƙi.

"Yallaɓai, ga ni a gabanka. Ga takardar ɗan ƙasa, ga fuskata."

"Ni na gan ka, yaya. Ita ce ba ta gan ka ba. Za mu rubuta wa na sama, amma amsa sai bayan zaɓe."

Ranar zaɓe ya goya tsohuwarsa a kwandon ɗaukar ciyawa, igiya a goshi, ya hau da ita tudun makarantar, don ƙafafunta sun daina hawa. Ya sauke ta a bakin igiyar da aka kewaye wurin da ita. Nan ya tsaya, yana kallon yaran da aka haifa bayan tafiyarsa ta farko suna shiga suna fita. Ya rasa inda zai sa idonsa.

Tsohuwar ta fito Dilmaya na riƙe da ita, tawadar farcenta ba ta bushe ba. Ta lalubo hannunsa.

"Auta, kawo nan."

Ta goga farcenta a kan nasa, har tawadar ta kama.

"Ama, ai ba haka ake yi ba."

"Kai ka kawo ni. Rabin ƙuri'ata naka ne."

Suna cikin haka sai ga Parbati ta ratso mutane, fuska duk gumi. Idonta ya sauka a kan tawadar da ke yatsansa. Ta kama hannun da hannu biyu, ta ɗora a goshinta.

"Baba, ko ban ci ba, na samu ƙuri'ar da nake so."

Tek Bahadur ya bar ta a kan cewa ya jefa. Ya durƙusa ya juya wa tsohuwa kwandon, ya ja igiyar zuwa goshinsa, suka kama gangara.