Hannu Mai Yatsu Huɗu

Nomau ya miƙe bai ƙarasa shayinsa ba, har ya bar hularsa a bencin mai shayi a unguwar Adjamé. Rabilu ne ya kira shi, tsohon abokin aikinsa. Ya ce ana faɗaɗa titi a bayan kasuwar Treichville, ana ɗaga tsofaffin murafun kwata ana birkice su, kuma hannuwa sun fito. Manyan motoci na kwashe su zuwa inda ake farfasawa.

A mahaɗar Indénié bas ta tsaya cik cikin cunkoso. Nomau ya tashi, ya zauna, ya leƙa ta taga, ya sake tashi, har wata mata ta tambaye shi ko cinnaku ne a wandonsa. Mutumin da kullum yake yi wa jama'a wa'azin haƙuri, yau ga shi yana zagin direba a zuci.

Masana'antar kankaren da suka yi wa aiki ta daɗe da rufewa, shagunan waya ne a wurin yanzu. Murafun kwata suke zubawa a lokacin. Baturen da ke kansu ba ya son ko ƙwarzane a fuskar murfi, amma gefen da ke kallon sama a akwatin zubi shi ne zai kalli ƙasa a kan kwata, ba mai ganinsa. Sai ya zama al'ada, duk wanda ya zuba murfin ƙarshe kafin a tashi ya danna tafinsa a ɗanyen kankaren. Hausawa, Mosawa, Julawa, kowa ya danna. Rabin Treichville a kan hannuwansu take tafiya ba ta sani ba.

Hannu ɗaya Nomau yake nema, na ƙanensa Ja'afaru, wanda injin kwaɓa siminti ya cinye wa ɗan yatsa. Ciwon ƙirji ya ɗauke Ja'afaru matarsa na da ciki, hotonsa ɗaya tilo kuma ruwan sama ya tafi da shi shekarar da gidansu ya cika. Nomau ne ya riƙe 'yar, Haulatu. Tun tana ƙarama take tambayar kamannin ubanta, shi kuwa ya yi ta ba ta labari: ƙato ne, buhun siminti biyu yake saɓawa yana waƙa, in ya tafa hannu sai an waiwayo daga bakin gada. Yanzu ta yi 'ya'yanta, tana sayar da atamfa a kasuwar Treichville, ta daina tambaya. Wannan dainawar ta fi tambayar yi masa ciwo.

Da ya iso, an riga an yi lodi an tafi da wasu. Rabilu na can da sandarsa yana nuna wa mutane hannun wani Bamoshe da ya rasu tuni. Nomau ya bi layin murafun yana duƙawa, yana kankare baƙar laka da tsinke, warin kwata na dukan hancinsa, gwiwoyinsa na ƙara. Yatsu biyar. Na gaba ma biyar. Wani ba hannun ma. Mai tuƙa injin ɗagawa ya yi ta masa oda, ya ce tsoho ya kauce, aiki suke.

A gaban ƙofar kasuwa ta baya ya same shi, gefe ɗaya ya ɓare, amma tafin na nan, da gurbin ɗan yatsan da babu. Nomau ya haye murfin ya zauna daram. Shugaban leburorin ya zo da faɗa, Rabilu ya yi masa bayani da Faransancinsa mai ɗingishi. Mutumin ya dubi hannun, ya ce yako, kalmarsu ta jaje, ya ce su hanzarta, motar ba za ta jira ba.

Haulatu ta fito da ma'auni rataye a wuyanta, a tsorace, ta zaci faɗuwa ya yi.

"Baba, qu'est-ce qu'il y a? Me ya faru? Ina hularka?"

Ya sauka, ya nuna mata. Ta daɗe tana kallo. Ta dubi ƙofar kasuwar, ta dubi ramin da aka ciro murfin, nan ne take takawa kullum safe da yamma. Sannan ta durƙusa da zanenta mai kyau a cikin laka, ta sa hannunta a gurbin tafin. Ya zauna cif, kamar da ita aka auna, sai ɗan yatsanta kawai da ya rage a waje.

"Ka ce ƙato ne," ta ce a hankali.

Nomau ya dubi tafin. Gaskiya ƙarami ne. Ja'afaru ɗan siriri ne, yaro ne ma lokacin da ya rasu, bai kai shekarun Haulatu na yanzu ba. Ƙwalla ta cika masa ido.

"Haka nake ganinsa," ya ce.

Injin ya sake yin oda a bayansu. Haulatu ba ta waiwaya ba. Ta lanƙwashe ɗan yatsanta, ta gyara zama, ta ce wa Rabilu ya nemo mata mai amalanke da zai ɗauki murfin.