Man Ranar Lahadi

Tokuji Shirahata ya zura kan famfon rawaya cikin tankin babur ɗinsa na ƙanƙara, ya matsa. Famfon ya yi tari, ya tofar da ɗan ɗigo, ya yi tsit.

"Kada ka gajiyar da hannunka, Toku-san," in ji Fumie mai gidan man, tana leƙowa ta taga da kofin shayi. "Haioku, babban man nan na famfon rawaya, ya ƙare tun jiya. Tankar na can Nayoro, ƙanƙara ta toshe mata hanya. Jan famfo kaɗai ke da mai, na ƙaramin mai ke nan."

"Jan famfo! Ki ce in zuba masa ruwan wanki kawai."

Likita Asaka, sabuwar likitar dabbobin yankin, tana tsaye rungume da jakarta, tana buga ƙafa don sanyi. Tun da safe Gen Momose ya bugo mata waya daga gonarsa ta bayan dutse. Saniyarsa na naƙuda, ɗan ya juya, kuma motar share hanya ba za ta isa can ba sai gobe. A duk garin, babur ɗin Tokuji ne kaɗai ke da ƙarfin haye dutsen da mutum biyu cikin sabuwar dusar ƙanƙarar nan mai kaiwa ƙugu.

"Baba, mai ba mai ba ne?" ta tambaya.

"'Yata, wannan inji turbo gare shi, ga shi mai bugu biyu. Idan ya sha ƙaramin mai ya hau tudu, wuta takan tashi a cikinsa kafin lokacinta, ta huda fistan. Sai mu tsaya tsakiyar daji, ni da ke da jakarki."

Fumie ta kurɓi shayi. "Ai kana da jarka a shago."

Tokuji ya yi kamar bai ji ba. Jarkar man tsere ce, wadda ya yo oda tun daga Sapporo, ya rufe ta da bargo kamar jinjiri. Ranar Lahadi za a yi tseren hawan dutse na bikin gari. Shekara da shekaru Momose ke kayar da shi, sannan ya bi shi har gidan wanka yana ba shi labarin yadda aka yi.

"Saniyar Momose ce fa," ya ce a hankali.

"Saniyar ba ta taɓa tsere da kai ba," in ji Fumie.

Ya tsaya yana susar ƙeya ta ƙarƙashin hula. Sai ya yi tsaki, ya nufi shagonsa.

Man jarkar kaɗai ba zai kai su ya dawo da su ba, dole a haɗa. Ya fara juye na tseren, shuɗi mai ƙamshin alewa, sannan ya ƙara man jan famfo kaɗan-kaɗan yana hararsa. Fumie ta ce ya yi rabi da rabi ya rage na Lahadi. Ya girgiza kai. A kan fili zai isa, amma kan dutse da kaya, a'a. Ya kife jarkar har ɗigon ƙarshe, ya duba tankin baƙin mai, ya girgiza babur ɗin don man ya gauraya.

"Likita, riƙe ni da kyau. In kin ji tsoro, ki rufe ido. Ni ma haka nake yi."

Suka ratsa gonakin dankali da suka zama fari fat, suka shiga dajin. Tokuji ya karkata kunne yana sauraron injin, ko zai ji ƙarar nan mai kama da tsakuwa a gwangwani. Bai ji ba. A gangaren ƙarshe ya murɗa wuta, babur ɗin ya ɗaga hanci ya haye, Likita ta ƙwalla ihu, ihun ya koma dariya.

Momose na jiransu a ƙofar garke, gashinsa duk ciyawa. "Sai yanzu? Da ƙafa ka turo shi?"

"Na tsaya kallon tsuntsaye ne."

Likita ta naɗe hannun riga ta shige. Ba da jimawa ba ta kira su duka, ta miƙa musu igiya. Tsofaffin biyu suka ja, suna nishi, kowa na cewa ɗan'uwansa ne ba ya ja. Ɗan maraƙin ya sulɓo kan ciyawa, jiƙe sharkaf. Bai motsa ba. Likita ta share masa hanci, ta murza ƙirjinsa da ciyawa. Sai ya yi atishawa.

Matar Momose ta kawo miyar miso da dafaffen dankali da man shanu. Suna ci a tsaye Likita ta ce, "Momose-san, man tserensa fa ya ƙona saboda saniyarka. Duka."

Momose ya daina tauna. Ya ajiye kwano, ya ja Tokuji zuwa rumbun baya, ya yaye wani tamfol. Ga babur ɗinsa, inji a buɗe, fistan a kan benci da rami a tsakiyarsa. Kusa da shi, jarkokin man tsere guda biyu, ba a ko buɗe su ba.

"Jan famfo," in ji Momose, yana kallon ƙasa. "Na ce gwaji ne kawai, bari in adana mai kyau. In ka faɗa wa Fumie, na kashe ka."

Tokuji ya yi dariya har ya dafa bango.

"To, dariya ta isa," in ji Momose. "Kana da babur ba mai, ina da mai ba babur. Ga shi a tseren Lahadi sunan mutum ɗaya suke rubutawa kan kowane babur."

Tokuji ya share hawaye, ya ɗauki jarka ɗaya, ya jijjiga ta.

"Ɗauko ɗayar," ya ce. "Wanda zai tuƙa, ma yi faɗan a hanya."