Garar Perina a Ƙarƙashin Teku

Wata uku Dinka, sabuwar shugabar gandun teku, wato yankin ruwan da hukuma ke karewa, ta yi tana bin masuntan tsibirin gida-gida da tambaya ɗaya: ina kifi ke taruwa ya zuba ƙwai? Kowa ya ba ta kujera, ya ba ta busasshen ɓaure, sannan ya shirga mata ƙarya. A tsibirin nan gara mutum ya faɗi cutar da ke jikinsa da ya faɗi inda yake jefa koma. Don haka duk wanda ta tambaya sai ya nuna mata Lungun Zaitun, wurin da ko kyanwowin gari sun sani.

Ta yi karatu mai zurfi, amma ba a koya mata cewa tsofaffi ashirin na iya haɗuwa a kan ƙarya ɗaya ba tare da sun yi shawara ba. Ranar taro a tsohuwar makaranta ta buɗe taswira, ga jan layi ya kewaye Lungun Zaitun: babu kamun kifi a ciki har shekara biyar.

Lungun nan ne kaɗai ƙaramin kwalekwale ke iya aiki idan iskar arewa ta taso, ita kuwa rabin shekara take busawa. Rufe shi daidai yake da a ce wa tsofaffin su ja jiragensu kan tudu.

"Ranki ya daɗe, ai babu ƙwai a wurin," in ji Vicko, wanda ya fi kowa baki.

"Kai ka fara nuna min shi, Kawu Vicko. Har da rantsuwa da kabarin mahaifiyarka."

"To ai ita ma ba ta san kan kifi ba."

Aka yi 'yar dariya, ba ta je ko'ina ba.

"Doka ta ce a rufe inda kifi ke haihuwa," in ji Dinka. "Juma'a majalisar gandu za ta sa hannu. Wanda ya san wani wuri ya kai ni kafin nan. Da idona nake son gani."

Kowa ya sunkuyar da kai, amma da gefen ido wani tsohon masunci, Frane, ake kallo. An daɗe da sanin cewa duk bazara yakan dawo da manyan kifaye, cikinsu fam da ƙwai. Wurin da yake kamo su ba gadon gidansu ba ne. Da sirrin wurin marigayiya matarsa Perina ta zo, don ubanta ba shi da gonar inabin da zai ba ta gara, sai ya ba ta wannan. Shekara arba'in ita ke tuƙi, shi yana jan koma, tana gaya masa bai iya ba. Tun da ta rasu, nan ne kaɗai yake jin kamar har yanzu ana yi masa faɗa.

Alhamis da safe Frane ya tsaya a ƙofar ofishin Dinka.

"Ɗauko hularki, yarinya. Kada ki yi min amai a jirgi."

Sun yi tafiyar awa guda. Frane bai dubi ruwa ba, alamomin da ke kan tudu yake kallo. Da ya hango hasumiyar coci ta faɗa tsakanin duwatsu biyu, farin kango kuma ya hau kan wata bishiyar ɓaure, sai ya kashe inji, ya miƙa mata bokiti mai gindin gilashi. Ta leƙa. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Can ƙasa kifaye ne birjik suna kewaya wani dutse, sun kusa rufe shi.

Ya ga hannunta ya shiga jaka, inda na'urar da ke rubuta wuri take. Ya kau da kai. Ya san sauran: a buga a littafi, a liƙa a allo, kowane baƙo mai jirgin haya ya zo ya tsaya a kan garar Perina yana ɗaukar hoto.

Abin da ta fito da shi burodi ne da cuku.

"Ba za ki rubuta ba?"

"Zan ja layi mai faɗi, daga wancan tsibirin zuwa wancan. Mai neman dutsen nan a ciki sai ya tsufa."

"Ni ma dai kin kore ni ke nan."

"Komarka na kora, Kawu. Doka ta ce duk bazara a zo a duba ko suna ƙaruwa. Ni ban iya karanta hasumiya da ɓaure ba, ba kuma na son koya. Wa zai kawo ni?"

Frane ya karɓi burodin ya daɗe yana tauna, alhali ba shi da tauri.

Ranar Juma'a aka ɗauke jan layi daga Lungun Zaitun. Babu wanda ya ce wa Frane an gode, don ba a saba ba. Sai dai washegari ya tarar da kwalbar man zaitun a bakin ƙofa, ba suna, ga kuma Vicko ya riga shi bakin ruwa, yana kankare masa gindin jirgi.

"Wa ya sa ka?" in ji Frane.

"Yi min shiru, tsoho. Perina ce ta iya gyaran jirgi, kai ka bar shi kamar akurkin kaji."

Frane ya zauna a kan dutse, ya bar shi yana ta faɗa.