Masarar Dankure da Yayen Ikrima

Dankure mutumin ruwa ne, kowa a Argungu ya san haka. Kifi, shinkafa, sai ɗan gero a kan tudu. Amma da aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato, kowa ya tashi da sabon buri a ka, shi kuwa nasa burin masara ce. Damina na faɗuwa ya shuka ta a gefen fadama wajen Gulma, ta yi kyau har ya riƙa tare mutane a hanya yana ba su labarinta, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba.

Matarsa Ɗayyaba ba ta hana shi bakinsa ba. Girbin ne bai kwanta mata a rai ba. Gulbi ya cika da wuri, Dankure ya karye masarar a gurguje, ya zuba ta rumbu da ɓawonta ya liƙe baki, yadda ya ga ubansa na yi wa gero. To, gero sai ya bushe ƙayau a gona ake ɗaure shi. Masarar nan kuwa da ruwanta ta shiga.

Ba a buɗe rumbun ba sai da yayen jikansu Ikrima ya matso. A gidan kaka ake yaye, Dankure kuma ya riga ya sha alwashin da kunun masararsa za a raba yaron da nono. Ɗayyaba na zura kai wani wari ya buge ta, irin na tabarmar da ta kwana cikin ruwa. Ta ɓare goyo ɗaya, sai ga fumfuna kore-kore ta bi tsakanin ƙwayoyin, wasu har sun yi baƙi. Ta yi abin da kowace mace a unguwar za ta yi, tunda ba a zubar da abinci: ta tsince munanan ta watsa wa agwaginta, sauran ta wanke ta shanya.

Ranar da surukinsu Zulkifli, uban Ikrima, ya kawo yaron daga unguwar Badariya ta Birnin Kebbi, 'yan agwagin sun fara mutuwa. Zulkifli malamin gona ne, cikin waɗanda aka maido Birnin Kebbi daga Sakkwato. Ya durƙusa yana gaisuwa, amma idonsa na kan shanyar.

"Inna, mi agwagin ga sunka ci?"

Ta nuna masa tsintar da ta rage a ƙwarya. Ya juya ƙwayoyin a tafin hannu. Faɗa wa suruki abincinsa ya lalace ba ƙaramin aiki ba ne. Ya sassauta murya.

"Inna, hunhunag ga dahi gare ta. Wanki ba ya hid da shi, dahuwa ba ta kashe shi. Hanta yaka ci a hankali, kuma ya hi yi ma yara ɓarna. Ko wadda kinka wanke ban yarda da ita ba, tunda rumbu guda sunka kwana."

Ashe Dankure na zaure, kunnensa a tsakar gida. Ya shigo yana gyara hula.

"Ni ruwan gulbi nika sha tun ba a haihe ka ba, ga ni tsaye. Ɗanku ku ba shi abin da kunka ga dama. Ni dai masarata zan ci."

Zulkifli ya koma Birnin Kebbi. Ɗayyaba ta dama wa jikanta kunun gero, ta kuma tuƙa wa maigidan tuwon masararsa kamar yadda ya ce, tana tuƙi tana ƙunƙuni. Haushinsa take ji, tana kuma jin tsoro, domin duk taurin kansa ba ta da wani Dankuren.

Abin da ba ta lissafa da shi ba shi ne halin ɗan yaye. Ikrima ya ƙi kowa. Ita da ke kiransa angonta, ko kallo ba ta ishe shi ba. Kuka yake sai ya ga kakansa, sannan ya maƙale masa a gindin riga.

Da azahar Dankure ya zauna a inuwa, ya buɗe akushi, tuwo na tururi cikin miyar kifi. Ɗayyaba na ɗaurayar tukunya ta ɗago kai, sai ta hango Ikrima ya haye cinyar tsohon, ya luma ɗan hannunsa cikin akushin. Ta yar da tukunyar ta taso, amma an riga ta. Dankure ya cafe hannun yaron dab da baki. Ya kama bakin rigarsa yana goge 'yan yatsun ɗaya bayan ɗaya, har ƙarƙashin farce, yaron na tsala ihu.

"Kai, abokin takara," ya ce. "Ka amshe mani mata, tuwon ma sai ka bi ni?"

Ɗayyaba ta tsaya a kansu, ta bar shi. Ta san mijinta, kalma guda za ta iya mai da shi baya. Ya daɗe yana kallon akushin, sannan ya rufe, ya tura shi nesa da ƙafa.

"Ki sa a gina rami bayan gida, mai zurhi, kada dabba ta tona. Da wanga da na rumbu duka." Ya gyara wa yaron zama a cinya. "In ubanai ya zo ki ce ya tsaya, ina son jin yadda aka shanya ta. Baɗi ma masara zan shuka."

Ta ce to. Ta juya za ta ɗauko wa Ikrima kununsa, sai ta ji muryar Dankure a bayanta, ƙasa-ƙasa.

"Ki ƙaro ludayi guda."